Wasiƙar Bawa ga Sarkin Hausawan Ingila

A Hindawiyya, unguwarmu a Jidda, in ka ce Bawa, sai an tambaye ka wanne, don muna da Bawa mai ruwa, da Bawa Dogo, da wani Bawan da har ya koma ga Allah ba a gano sana'arsa ba. Amma in ka ce Bawa Ingila, ko tsohuwar da ba ta leƙa waje ta san shi. Wata ambulan ce ta jawo masa sunan.

A shekarar 1955, bayan alhazai sun watse Jidda ta numfasa, Bawa ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a a ranar da ba Juma'a ba, ya nufi wurin Abdulghaffar, maƙwabcinsa mai rubuta wa mutane wasiƙa a gefen gidan waya. Ya zauna a kan akwatin katako, ya faɗi abin da za a sa a ciki, bai fi layi huɗu ba. Da aka zo kan bayan ambulan, Abdulghaffar ya ɗaga alƙalami ya ce, "Adireshi fa, ya Bawa?"

"Rubuta: Sarkin Hausawa, Ingila."

"Wane gari?"

"Garin da sarkin yake mana."

"To in ba su da Sarkin Hausawa fa?"

Bawa ya dube shi kamar wanda ya yi saɓo. "Sai a ba Sarkin Zango. In shi ma ya yi tafiya, a ba liman. Ka rubuta wannan daga ƙasa da ƙananan baƙi, kada sarki ya ga kamar an raina shi."

Abdulghaffar ya yi ta rantsuwa har ƙarshen rayuwarsa cewa ya ba shi shawara. Wataƙila ya bayar. Abin da muka sani dai, ya rubuta da Larabci, ya kuma rubuta da boko, aka liƙa kan sarki, ta tafi. Bayan wata huɗu ta dawo, ta sha hatimi gaba da baya kamar fasfon ɗan kasuwa. A kantin wani Bahadrame, Balaraben Yaman, ake ajiye wasiƙun unguwa, shi kuwa Allah bai halicce shi da iya karatu a zuci ba. Kafin la'asar, daga Hindawiyya har Bab Makka babu wanda bai ji an aika wa Sarkin Hausawan Ingila takarda ba, sarki kuma ya ƙi karɓa.

Mun yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma ya kamata a yi wa Bawa adalci, don ba wauta ce ta sa shi ba. Mahaifinsa Bakatsine ne da ya baro gida a ƙafa da niyyar hajji, ya yi shekara tara a hanya, ƙarfi ya ƙare masa a Mai Wurno ta Sudan, a can aka haifi Bawa. Duk garin da tsohon ya ambata a hirarsa, Fallomi, Jinena, Fashir, akwai wani dattijo da baƙo ke sauka a ƙofarsa, wanda ya san kowane Bahaushe da ya shigo da wanda ya fita. Labarin rasuwar kakar Bawa daga Katsina ya taso, ba lambar gida ba sunan titi, sai sunan ɗanta kawai, ya bi hannun sarakunan zango ɗaya bayan ɗaya, ya iso a makare da shekara biyu, amma ya iso. Da Bawa ya ƙetaro teku daga Sawakin da matarsa Rahamatu da ɗansu a kafaɗa, a Jidda ma wurin shaihun mutanenmu ya fara sauka. Mutumin da ya ga duniya haka, ta yaya zai yarda akwai wata babbar ƙasa, mai jirage har ba a ƙirga su, a ce ba ta da Sarkin Hausawa?

Ɗan nan da aka ƙetaro da shi a kafaɗa shi ne Salihu, kuma dominsa aka rubuta wasiƙar. Shi kaɗai Allah ya bar musu. Da yake ɗan fari ne, daga Bawa har Rahamatu babu mai kama sunansa. "Yaron nan" suke cewa, har ya yi gemu. Ko a gaban Abdulghaffar, da aka zo wurin suna, Bawa kau da kai ya yi ya ce, "Ka dai san shi."

Bawa hammali ne, wato ɗan dako, a mina, tashar jiragen ruwa, buhun siminti da na shinkafa sun san bayansa. Salihu ya taso ya kama aiki tare da shi. A 1954 wani jirgin kaya ya rasa mutum guda a ɗakin inji, shugaban ma'aikatan, wani Basomale, ya yi wa Salihu tayi. Da azahar ya zo gida ya faɗa, ana cikin cin abinci.

Bawa ya ce, "Kakanka ya yi shekara tara yana taka ƙasa don ya kusanci ɗakin Allah. Kai kuma za ka hau ruwa ka ba shi baya?"

"Shekara biyu ce kawai, Abuya."

"In ka taka jirgin nan, ban yafe ba."

Haka ya faɗa, hannunsa cikin akushi, ko ɗaga murya bai yi ba. Bayan kwana biyu Salihu ya tafi. Rahamatu ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da yaji da dabino a tsumma, ba ta ce wa kowa komai ba.

Shekara ta zagayo sai ga saƙon baka daga Basomalen nan: yaro ya bar jirgi, ya sauka a ƙasar Ingilishi, lafiyarsa lau. Iyakar abin da ya ce ke nan, iyakar abin da ya sani kuma ke nan. Ranar ce Rahamatu ta yi magana. Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, yaron nan yana ƙasar da ba a kiran salla, da bakin uba a kansa. In wani abu ya same shi a haka fa?"

Washegari Bawa ya sa jallabiyar Juma'a.

Abin da ke cikin wasiƙar, daga baya kowa ya haddace shi: "Bayan gaisuwa. Maganar da na faɗa na janye ta. Na yafe maka duniya da lahira. Uwarka tana gaishe ka. In ka ga dama ka dawo, in ba ka ga dama ba, ka riƙe salla."

Da ta dawo ba a buɗe ba, Bawa ya yanke hukunci cewa gidan waya ba abin dogaro ba ne, a koma hanyar iyaye: saƙo hannu da hannu. Ofishin jakadancin Turawan kuwa bai ko kalli hanyarsa ba, don ba shi da iƙama, takardar izinin zama, mutumin da ba shi da takarda kuma ba ya kai kansa inda ake tambayarta. Ana haka ma rikicin Suwes ya tashi, aka rufe ofishin shekara da shekaru. Sai ya sa Abdulghaffar ya riƙa kwafe masa wasiƙar, wannan karon da sunan yaron a baya, da "ɗan Jidda, ma'aikacin jirgi, Ingila". Ya ɗinka mata 'yar jakar fata kamar laya, ya rataya a ƙarƙashin riga. Duk Baturen da ya gani a kan jirgi sai ya goge hannu, ya matsa, ya nuna ambulan, ya faɗi kalma ɗayar da ya mallaka: "Ingila?" Wanda ya gyaɗa kai sai ya damƙa masa da hannu biyu. Guda tara ya bayar a haka. Allah kaɗai ya san tekun da kowacce take kwance.

Akwai wani jirgi mai koren zobe a bututun hayaƙi da kan zo kamar sau uku a shekara. Injiniyansa wani gajeren Bature ne, rana ta saɓule masa hanci, ba ya iya ganin mutum na gumi bai miƙa masa ruwa ba. Hammalai suka sa masa suna Mai Ruwan Sanyi. Bawa ya ce in akwai wanda za a ba amana, to wannan ne. Ya goge hannu, ya matsa. "Ingila?"

Fuskar mutumin ta canza. Ya daki ƙirji ya girgiza kai, ya ce wani abu mai tsawo, a ciki Bawa ya tsinci kalma ɗaya da ya maimaita sau uku: Sikotilan.

Bawa ya mayar da ambulan cikin riga, ya dafa ƙirji yana ba da haƙuri. Da ya zo gahawar bakin layinmu, gidan shayin da muke taruwa da safe kan ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi, ya ce mana, "Jiya na yi abin kunya. Na kira mutum da ƙabilar da ba tasa ba."

Bello direba, wanda asalinsa Bahaɗeje ne, don haka yana da izinin tsokanar kowane Bakatsine har kabari, ya ce, "To ba duk Turawa ba ne? Wa ke iya rabe su?"

"Haka Larabawa ke cewa a kanmu," in ji Bawa. "Bahaushe Takari, Babarbare Takari, Bafillace Takari, Bazabarme Takari. Kai kana jin daɗi? Mutum ya ce maka shi ba ɗan can ba ne, sai ka yarda da shi."

A ransa Sikotilan wata daula ce can daban, kamar Girka ko Italiya, da nata sarkin da nata kan sarkin. Don ya wanke laifinsa, duk zuwan jirgin sai ya kai wa injiniyan soyayyar gyaɗa a ƙunshin takarda. Shekara huɗu suna abota ba su da yare guda: wannan ya miƙa ruwa, wannan ya miƙa gyaɗa, su zauna a inuwar kwale-kwalen ceto suna kallon teku. Wata rana Baturen ya nuna igiyar da ke wuyan Bawa, da alamar tambaya. Bawa ya fito da ambulan, ya ɗaga hannu ya nuna tsayin saurayi, ya dafa ƙirjinsa, ya nuna arewa, ya ce, "Ingila." Baturen ya miƙo hannu, alamar a ba shi.

Bawa ya hana. Ya riƙe hannun ya jijjiga, ya yi godiya, ya mayar da ambulan cikin riga. Ya ce mana ba a ɗora wa mutumin kirki tafiyar ƙasar da ba tasa ba, balle ƙasar da ko sunanta ba ya son ji.

A 1961 Othman ya dawo. Ɗan unguwarmu ne, haifaffen Jidda, ya tafi aikin jirgi shekara guda bayan Salihu, Hausarsa rabi Larabci ce tun fil azal. Bai iya tunkarar gidan Bawa ba, sai ya zo gahawa da hantsi, ya same shi zaune tare da mu, tamis biyu masu zafi a kan tire. Ya gaida kowa, ya tsaya a gaban Bawa ya ce, "Azzamallahu ajrak, ya ammi."

A Jidda babu wanda bai san wannan gaisuwar ta'aziyya ce ba. Bawa ya ajiye kofin shayi a hankali don kada ya zube. Ya yi salati, ya ce daga Allah muke gare shi za mu koma. Sannan ya ce, "Yaushe?"

"Shekara biyu ke nan, lokacin sanyi. Ciwon ƙirji."

"An yi masa sutura?"

"An yi, wallahi. Da hannuna na zuba masa ruwa. Akwai jama'a 'yan Pakistan, suna da ɗan masallaci, su suka sallace shi."

"Alhamdu lillahi. Ashe akwai Musulmi a Ingila."

"La, ya ammi, ba Ingila ba. Gilasgo. A Sikotilan."

Ban taɓa ganin fuska ta tsufa a gaban idona ba sai ranar. Bawa ya ce, "Ai wannan wata ƙasa ce."

"Wata ce, kuma ba wata ba ce." Othman ya rasa yadda zai yi bayani, ya waiga, idonsa ya faɗa kan tire. Ya ɗauki tamis guda ya shimfiɗa. "Shuf, ya ammi. Tsibiri ɗaya ne. Nan ƙasa Ingila, nan sama Sikotilan. Jirgin ƙasa za ka hau a Landan da safe, kafin isha kana Gilasgo. Ba fasfo, ba shinge. Sarauniya ɗaya, kan sarki ɗaya. Kowa dai yana son a kira shi da sunan gidansu, halas."

Bawa ya daɗe yana kallon burodin. Can ya ce, "Akwai wani jirgi mai koren zobe."

"Na Gilasgo ne. Can ne gidansa. Daga inda yake tsayawa zuwa gidan da muke haya, bai kai daga nan zuwa Bab Makka ba. Salihu in ya ji jirgin ya shigo, ko yana tari sai ya ja jiki ya je ya tambayi ma'aikata ko da saƙo daga Jidda."

Bello, wanda ranar ce kaɗai na ji muryarsa ba wasa a ciki, ya ce, "Shi me ya hana shi aiko da wasiƙa?"

"Na sha ce masa. Ya ce in aka dawo masa da ita ba a buɗe ba, ba zai iya ɗauka ba. Gara ya jira." Othman ya durƙusa a ƙasa, cikin ɓawon gyaɗa da tokar shisha. "Ya ce in Allah ya kai ni Jidda, in durƙusa a gabanka, in roƙa masa gafara."

Bawa ya sa hannu cikin riga ya ciro jakar fatar. A cikinta har da ambulan ta farko, mai hatimi, gumin shekara shida ya mayar da ita ruwan ƙasa. Ya miƙa wa Othman. "Tashi, ɗana. Buɗe ka karanta. Ka fara da kwanan wata."

Othman ya karanta. Babu wanda ya ƙara taɓa abincin.

Mu uku muka raka shi gida. Rahamatu ta saurara daga bayan labule har Othman ya gama. Ba ta tambayi Ingila ko Sikotilan ba, ba ta kuma taɓa ɗora wa mijinta laifi ba, ranar ko bayanta. Tambaya ɗaya ta yi: "Can ɗin da sanyi sosai?"

"Sosai, ya khala."

"Ƙuli-ƙuli na ɗaure masa," in ji ta. "Ga gwado nan a kan gado, ban tuna ba."

Bayan wata biyu jirgi mai koren zobe ya shigo. Bawa ya hau da ƙunshin gyaɗarsa, ya tafi da Othman don ya yi masa tafinta, karo na farko. Suka tarar da wani dogon saurayi a ɗakin inji. Mai Ruwan Sanyi ya yi ritaya, ya koma gida. Bawa ya ba saurayin gyaɗar duk da haka.

To daga nan ne Bawa ya shiga makaranta, yana da shekara hamsin da wani abu, bai san alif na boko ba. Ya sami wani akawu ɗan Sudan a unguwar Sharafiyya mai tsohuwar taswirar 'yan makaranta, ya riƙa zuwa wurinsa duk Juma'a bayan an sauko, yana tambaya akawu na amsawa, har akawun ya fara ɓuya in ya hango shi. Malamai sun gaya masa yafewar uba ba ta buƙatar kan sarki, tun ranar da ya furta ta aka rubuta. Ya ce ya yarda, amma yaron bai ji ba. Abin da ya rage masa shi ne ya san ƙasar da ta haɗiye wasiƙarsa, lungu da saƙo, kamar mai son ya san sunan ciwon da ya kashe masa mutum.

Da bayansa ya gaza ya bar mina, gahawa ta zama ofishinsa. Kuskure ne babba ka ce "Ingila" a kusa da shi. Rediyo ma in ya faɗa, sai ya gyara masa. Sai ya jawo tamis biyu, ya tattare hannun riga.

"Wannan babban, tsibirin Birtaniya ke nan. Gida uku ne a kansa." Sai ya yaga. "Ingila, ita ce mai yawan mutane da yawan surutu, shi ya sa sunanta ya danne na sauran. Nan gefen yamma Welis, suna da yarensu, Ba'ingile ma ba ya ji. Nan sama Sikotilan." A nan yakan ɗan tsaya, sannan ya jawo na biyun. "Wannan kuma tsibirin Ayilan. Ka ga wannan kusurwar ta arewa?" Sai ya gutsure ta ya matsar kusa da ukun. "Tana tare da su. Uku da kusurwa, su ne Haɗaɗɗiyar Masarauta, abin da ke rubuce a fasfonsu ke nan. Sauran Ayilan kuwa ƙasa ce mai cin gashin kanta, ba ruwanta da sarauniya. In ka haɗu da mutumin Dabilin ka ce masa ɗan Birtaniya, to ka tabbata akwai hanyar gudu a bayanka."

Bello kan ce, "Malam Bakatsine, Welis ta huce, a miƙo min ita."

Bawa ba ya kula shi sai ya kai ƙarshe, ƙarshen kuma shi ne ɓurɓushi. Ɗaya yakan ajiye tsakanin burodin biyu: tsibirin Man. Biyu can ƙasa, kusa da kwanon ful, wanda shi ne Faransa: Jarsi da Ganzi. "Waɗannan na gidan sarauta ne, amma ba sa cikin haɗakar, kowanne da majalisarsa. Kamar barorin da suka girma a gida: ba 'ya'ya ba ne, ba kuma baƙi ba."

Mun ji wannan darasin ya fi sau ɗari. Wani lokaci da gangan muke tsokano shi, in baƙo ya zo, ko in mun ga ya yi shiru da yawa. In an gama sai a cinye Ingila da Welis da Ayilan duka biyun, har Man ba ta tsira. Sikotilan ce kaɗai ba a ci. Yakan naɗe ta a takarda, in ya tashi ya miƙa wa duk mabuƙacin da ya fara cin karo da shi a hanyar masallaci. Ba mu taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Ilimin bai tashi a banza ba. Da aka shiga shekarun saba'in, arziki ya buɗe, yara suka fara tafiya karatu waje, iyaye suka gane akwai mutum ɗaya a Hindawiyya da ba ya barin ambulan ta wuce shi da rabin adireshi. Ba ya iya karantawa, sai ya ce a karanta masa. Wane gari? Wane titi? Lamba nawa? Wani tela ya kawo wadda zai aika wa ɗansa a Dabilin, an rubuta Ingila a ƙasanta, Bawa ya sa shi ya sayo sabuwar ambulan. Telan ya ce ai za ta isa a haka. Bawa ya ce, "Wataƙila. Ni na gama da wataƙila." Kuma in uba ya zo yana huci, yana cewa a rubuta wa yaro kaza da kaza, sai Bawa ya zuba masa shayi, ya ce a bari sai gobe. Sau da yawa goben wata wasiƙar daban ake rubutawa.

Rahamatu ta rasu a 1970. Shi kuma ya bi ta a watan Sha'aban na 1977, a ɗakin da ya yi shekara kusan arba'in a ciki, har lokacin ba shi da iƙama, kuma babu wanda ya taɓa zuwa tambayarsa. Da masu wanka suka cire masa riga suka sami jakar fatar a wuyansa. Othman ne ya karɓa, tana wurinsa.

Kamar mako uku kafin rasuwarsa, Bawa ya zo gahawa yana dogara sanda, ƙafafunsa sun kumbura. An kawo tamis bai taɓa ba. Muka yi ta jefa "Ingila" cikin hira, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu jefa wa kifi ƙugiya, bai kama ba. Sai Bello, wanda shi ma haƙoransa sun ƙare amma bakinsa bai mutu ba, ya matso da kujera ya ce, "Kai Bakatsine, shekara ashirin da biyu ke nan. Har yanzu Sarkin Hausawan Ingila bai ba da amsa ba? Ko mu aika masa da goro?"

Bawa ya yi murmushi. Ya jawo tamis ya yagi samanta, ya riƙe a tafin hannu yana dubawa.

"Ingila ban sani ba, Bahaɗeje, wataƙila har yau ba su naɗa ba. Amma a ƙa'idarmu, duk wanda ya riga kowa sauka a gari ya zauna bai tashi ba, shi ne sarkin zango. To a Sikotilan muna da shi, ya sauka, kuma ba zai tashi ba. Ka ga ashe ban yi kuskuren mutum ba, ƙasar kawai na ɓata." Ya naɗe burodin a takarda. "Salihu sunansa."